Mutuwa a kogon ruwa: Me ya sa zargi ke riga bincike?

Masu nutso a kogwannin da ruwa ya cika ba su da yawa a duniya, kuma galibinsu sun san juna. Shi ya sa da zarar ɗayansu ya rasu sai tsegumi ya tashi: wa ya horar da shi, wa ya haɗa masa iskar shaƙa, me ya sa abokin tafiyarsa ya fito shi kaɗai? Amsa kuwa takan yi wuya, domin sau da yawa mamacin ne kaɗai shaida.

Mutuwar Dave Shaw a 2005 ta sha bamban. Ya nutsa kimanin mita 270 a kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu don ɗauko gawar Deon Dreyer, wanda ya mutu a can tun 1994. Kyamarar da ke kansa ta nuna yadda igiya ta sarƙe shi, numfashinsa ya tsananta har ya suma.

Tun 1979 Sheck Exley ya fitar da ƙa'idojin tsira daga nazarin haɗurra, ciki har da jan igiya daga bakin kogo da tanadin iskar dawowa. Irin wannan nazari na buƙatar bayanin waɗanda suka tsira, zargi kuma kan sa su yin gum, darasin ya salwanta.