Ɗaukar Hoton Faifai Kafin a Sabunta Manhaja

Ana so hakimai da malamansu, waɗanda aka ba amanar kwamfuta a ofis, su lura da wannan bayani, gama ya shafi tsaron aikinsu.

Manhaja, watau umarnin da ke tafiyar da kwamfuta, ba ta zama yadda aka saye ta. Masu yin ta suna aiko da gyare-gyare a kai a kai, kuma wajibi ne a karɓa, domin da su a ke toshe kafofin da ɓarayi ke shiga. Amma gyaran kansa ya kan zo da ɓarna. A ran 19 ga Yuli, 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika ya tsai da kwamfuta wajen miliyan 8 da rabi, har jiragen sama suka kasa tashi. A nan ƙasar kuwa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyara ma ya isa ya hana kwamfuta tashi.

Maganin da masana suka samo shi ne a ɗauki hoton faifai tukuna. Ba hoto irin na mai ɗaukar hoto ba ne. Ku ɗauka magatakarda ne wanda ba ya kankare rubutu ko kaɗan: in zai gyara layi, sai ya rubuta sabon a wani shafi, ya bar tsohon inda ya ke, ya sa alama. Haka tsarin ajiya mai suna Btrfs ke yi, wanda aka fara a 2007. Da an ce a ɗauki hoto, ba a juyar kome. Ana dai hana share tsohon rubutu ne kurum. Saboda haka abin ba ya cin ko minti guda, wurin da ya ke ci kuma gwargwadon abin da aka sāke ne daga baya.

Tun 2014 openSUSE, wata irin Linux ce mai asali a Jamus, ta mai da wannan al'adarta. Wani ɗan aiki nata mai suna Snapper shi ke ɗaukar hoto ɗaya kafin gyara, ɗaya bayansa, ba sai malami ya tuna ba, kuma nan amfanin ya ke, gama mutum mai mantuwa ne. In gyaran ya ɓaci, sai a sake kunna kwamfuta, a zaɓi hoton farko, a koma kansa. Windows ma tana da irin wannan tun 2000, sai dai a duba, don sau da yawa a kan tarar da shi a kashe.

To, ga inda mutane ke ruɗuwa. Hoton nan a cikin faifan da ya ke tsaro ya ke zaune. In faifan ya lalace, ko aka sace kwamfutar, ko gobara ta ci ofis, shi da hoton duk sun tafi. Bugu da ƙari, a openSUSE hoton ba ya haɗawa da takardun malami na kansa, an yi haka da gangan don kada komawa baya ta shafe wasiƙar da ya rubuta jiya. Don haka lalle a riƙa juyar takardun ofis a wani faifai dabam, a ajiye shi a wani ɗaki. A kuma riƙa duba tsofaffin hotuna, don in sun taru suna cika faifai.