Tayar da Keken da Ya Daɗe a Ajiye Domin Ɗan Koyo

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, manoma suka fara waiwayar kekunan da suka jingine a zaure ko a bayan rumbu tun lokacin da babur ya yawaita. Wasu kuma na hannu suke sayowa a kasuwa, domin yaro ya riƙa kai abinci gona, ko kai niƙa, ko zuwa makaranta. Idan kai ma kana da wannan niyya, malam manomi, to ka sani cewa gyaran keken da gwani zai hau daban yake da na wanda ɗan koyo zai hau. Gwani ya san halin kekensa. Ya san birkinsa ba ya ci sosai, sai ya rage gudu tun daga nesa, ko ya ja ƙafa a ƙasa. Ɗan koyo kuwa abin da aka faɗa masa kawai ya sani, wato idan ya matse birki keke zai tsaya, kuma da wannan yaƙini zai gangara kwari.

Kafin ka kashe ko sisi wajen sayen kayan gyara, ka wanke keken da ruwa da sabulu, ka fito da shi sarari ka dubi jikinsa da kyau. Tsatsar da ta tsaya a sama ba abin damuwa ba ce, kankarewa ake yi a shafa fenti. Wadda ta ci ƙarfe har yana ɓarewa, ko yana lotsawa idan ka danna shi da bakin sukuddireba, ita ce matsala. An fi samun irin wannan a keken da aka ajiye ɗaki ɗaya da buhunan takin zamani, domin taki yana jawo laima, yana kuma cin ƙarfe. Ka duba duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, musamman wuyan keke da ƙarafuna biyun nan da ke riƙe da wilin gaba. Idan ka ga fenti ya tattare ko ya tsage a bayan wuya, alama ce keken ya taɓa yin karo. Tsaya a bayansa ka hango ko wilin baya da na gaba suna kan layi ɗaya. Ƙarfen gaba da ya tsage ba a kai shi walda a ɗora wa yaro. Sakewa ake yi, in kuma babu hali a haƙura da keken.

Sai batun girma. Yawancin kekunan da ke ƙauyukanmu irin su Raleigh da Phoenix da Hero masu wili inci 28 ne, kuma domin manya aka ƙera su. Mun saba ganin yara suna zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya suna tuƙawa a karkace, har ana yaba musu. Amma wanda ke tuƙi a haka ba shi da ikon tsayawa da sauri. Ka sa mai koyon ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa. Idan tafin ƙafafunsa biyu ba su taka ƙasa ba sai da ƙarfen ya tokare shi, keken ya yi masa girma, a nemi mai wili inci 24 ko 20.

Roba ba ta son ajiya. Tayar da ta shekara a kwance babu iska za ka tarar gefenta ya tsattsage, ko da ƙwayarta ba ta cinye ba. Matsa gefen da yatsu; idan zare ya bayyana, ta gama aiki. Girman taya a rubuce yake a gefenta, misali 28 x 1½, sai ka tafi kasuwa da wannan lamba ko da tsohuwar tayar. Ciro tif ka hura shi ka tsoma a ruwa. Sau da yawa ba huda ce ke sace iska ba, 'yar robar da ke cikin bawul ce ta bushe, kuma ita ce mafi araha a duk kayan keke. Kada ka manta da ɗamarar da ke cikin rim wadda ke rufe kawunan wayoyi. In ta ruɓe, wayoyin za su yi ta huda sabon tif. Juya wilin ka gani ko yana lilo, ka matsa wayoyin bibbiyu ka ji waɗanda suka saki. Miƙar da wili aikin mai gyaran keke ne, kada ka gwada koyo a kansa.

A wurin birki ne ya kamata ka fi daɗewa. Robar birki takan bushe ta zama kamar dutse, ta riƙa sulɓi a kan rim maimakon ta kama. Ka sake su duka huɗu, ko da a ido sun yi kama da sababbi. Wajen ɗaurawa akwai abin da ake yawan kuskurewa: gidan da robar ke zama a ciki, a irin kekunan nan, gefe ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshasshen shi ne zai fuskanci inda rim ke nufa idan keke na tafiya gaba. Idan aka juya shi, ranar da aka matse birki da ƙarfi wili zai fizge robar ya jefar. A keke mai birkin sanda, ka ɗiga mai a kowace gaɓa, ka ɗaure notocin da suka saki. A mai birkin waya, duk wayar da silinta ya fara tsinkewa ko ta yi tsatsa a cikin rigarta a sake ta. Goge rim da takardar yashi har tsatsa ta fita, kuma kada ko ɗigon mai ya taɓa shi. Daga nan ka sa mai koyon ya matse birkin da hannunsa, ba da naka ba, domin abin da ya yi maka laushi yana iya gagarar yatsun ɗan shekara goma. Ka tura keken ka matse: na baya ya ja taya a ƙasa, na gaba ya ɗaga bayan keke, kuma hannun birkin kada ya kai ga taɓa kan keke. Ka sanar da shi cewa rim na ƙarfe idan ya jiƙe birki ba ya ci nan take, abin lura ne ƙwarai da damina.

Sarƙar da ta ƙage a jiƙa ta cikin kananzir ta kwana, a goge, a bar ta ta bushe, sannan a ɗiga mata sabon man inji a share ragowar da tsumma, saboda mai da yawa ƙurar hunturu yake tarawa. Man gyaɗa da man ja danƙo suke zama, baƙin mai kuwa da dattinsa yake zuwa. Idan ka ɗaga keke ka girgiza wili ko feda gefe da gefe ka ji suna ƙwas-ƙwas, ko suna gurza in an juya, boris ne ke neman giris. In za ka kwance da kanka, shimfiɗa buhu a ƙasa, ka ƙirga ƙwayoyin kowane gefe kafin su watse. Riƙe wilin gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan keke. Idan ya juya shi kaɗai, a ɗaure.

Ranar fara koyo, ka sauke sirdi ƙasa yadda mai koyo zai zauna ƙafafunsa biyu na taka ƙasa, ka kuma cire feda duka biyu. Ka lura, fedar hagu a baibai ake kwance ta, wato ta inda ake ɗaure sauran notoci. Bar shi ya riƙa tura keken da ƙafa a fili mai tauri, kamar masussuka ko filin makaranta, yana ɗaga ƙafa yana tsayawa da birki, har ya iya tafiya mai ɗan nisa bai taka ƙasa ba. Wannan ya fi riƙe masa kariya kana bin sa da gudu. Sai an kai nan za a mayar da feda, a riƙa ɗaga sirdi kaɗan-kaɗan, amma kada a wuce layin da aka zana a jikin ƙarfensa. Ba goyo, ba buhu a kariya, ba hawa titin mota tukuna.

Malamin gona da ke zagaya ƙauyuka zai iya nuna wannan duka a taro ɗaya da keke guda da sifana biyu. Kai kuma mai keke, ka fara hawansa da kanka kafin ka miƙa wa yaro, sannan bayan mako guda ka sake bin notocin wili da na sirdi da na birki, domin sabon ɗauri yakan saki a kwanakin farko.