Likita Ya Ce Daji Ne: Wa Za A Gaya Wa?

Da zarar likita ya furta "ciwon daji ne", yawancin mutane ba sa jin sauran bayanin. Kunne na buɗe, amma hankali ya riga ya tafi wajen 'ya'ya da kuɗin magani. Shi ya sa ake so a je karɓar sakamako da wani na jiki mai nutsuwa, wanda zai riƙe takarda da biro ya tambaya: wane irin daji ne, mataki na nawa, kuma maganin na warkarwa ne ko na sauƙaƙa wahala?

Daji ba cuta ɗaya ba ce, ire-irensa sun haura 100. Ana tabbatar da shi ta hanyar ɗebo 'yar tsoka a duba a ɗakin gwaji, sannan a ɗauki hoto a ga ko ya yaɗu. A mataki na 1 bai bar inda ya tsiro ba, a na 4 kuwa ya kai hanta ko huhu ko ƙashi. Dajin mama da aka tara da wuri sau da yawa yana warkewa. Wanda ya san matakinsa yana da abin faɗa wa dangi. Wanda bai sani ba sunan cutar kawai zai kai gida, kowa ya hau salati.

Tsoron yana da tushe. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum kusan 128,000 sun kamu a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 kuma sun rasu, kuma zuwa asibiti a makare na cikin manyan dalilai. Nan ne asalin maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe". Sai ciwo ya ci jiki ake kai mutum, a yi masa aiki, ya rasu bayan 'yan watanni, a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri.

Abin da ya fi wuya shi ne ɓoyo. Babban ɗa ko miji ya ja likita gefe: "Likita, don Allah kar a gaya mata, zuciyarta za ta karye." Tausayi ne, ba shakka. Amma a duba yadda maganin yake aiki. Ƙarin ruwan maganin daji ana yin sa ne zango-zango, sau da yawa duk bayan mako uku, kuma yana kai wa duk ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa hari, har da na tushen gashi da na cikin baki. Matar da aka ce wa "ɗan ƙari ne" za ta ga gashinta na biyo mataji dunƙule-dunƙule, ga amai, ga gyambon baki. Me zai sa ta koma a ƙara mata? A ganinta maganin ne ke kashe ta. Kuma galibi ta riga ta gane daga yadda ake yin shiru idan ta shigo. Sai a wayi gari suna ɓoye mata, ita ma tana ɓoye musu cewa ta sani. Wata ma tana da bashi ko amanar da take so ta sauke da bakinta.

A ganina hanya mafi adalci ita ce a tambaye ta: "Inna, kina so likita ya yi miki bayani duka, ko ya yi wa Yaya?" Akwai masu cewa a bar wa Yaya. Wannan ma zaɓinsu ne.

Ba kowa za a gaya wa ba, amma rufewa ruf tana da tsada. Aikin gasa dajin da na'ura yakan ɗauki makonni a jere, a wurare irin su Shika ko Sakkwato ko Abuja, ga masauki ga abinci, kuma ba wanda zai taimaka da abin da bai sani ba. A wakilta mutum ɗaya ya riƙa amsa waya, don kada maras lafiya ya maimaita labari sau ashirin a yini. Yara a gaya musu daidai hankalinsu: Umma ba ta da lafiya, ba laifinsu ba ne, kuma ba a ɗaukar ciwon ko an ci tuwo kwano ɗaya.

Masu dubiya kuma, labarin wane da irin ciwon ya kashe a bar shi a ƙofa. Mai mura ya yi gaisuwa ta waya, domin ƙarin ruwan yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Maimakon "me za a yi miki?", wadda kunya ke sa a amsa da "ba komai", a ce "gobe ni zan kai yara makaranta". Duk jiƙon da aka kawo, ko daga wa ya fito, a nuna wa likita kafin a sha, saboda wasu na wahalar da hanta da ƙoda, gaɓoɓin da ke tace maganin asibitin.