Lamba 33 Mai Iyayengiji Da Yawa

A Amurka, tsofaffin 'yan kallon ƙwallon kwando na jami'o'i sukan manta kamannin ɗan wasa, amma da wuya su manta lambar rigarsa. Sai dai in an ambaci 33, to, gardama ta tashi. Da ita Lew Alcindor, wanda ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar, ya ciwo wa Jami'ar UCLA kofi sau uku a jere, daga 1967 zuwa 1969. A karon ƙarshe na 1979 kuwa, Magic Johnson da Larry Bird kowannensu ita ya goyo.

Wannan cunkoso yana da dalili. Dokar da ta hana sa 6, 7, 8 da 9, domin alƙalin wasa da yatsun hannu yake nuna lambar mai laifi. Sai a 2023 aka sassauta.

A karon ƙarshe na 1984, wani mai 33 ɗin, Patrick Ewing na Georgetown, ya kara da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Georgetown ta ci 84 da 75. Duk da haka Jami'ar Houston ta jingine 34 don girmama Olajuwon.