Haɗa Mota a Ƙofar Gida: Gardamar Kanikawan Unguwar Mu'azu

Unguwar Mu'azu tana cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, kusa da Kinkinau da Tudun Wada, kuma titin Nnamdi Azikiwe da kowa ke kira Baifas shi ne jijiyar arzikinta. Dare da rana tireloli da tankokin mai suna bi ta nan tsakanin kudu da arewa, duk wadda ta gaji kuwa a bakin titin nan take tsayawa. Shi ya sa garejoji suka yi layi, wasu a fili, wasu ƙarƙashin rumfar kwano, wasu kuma ba su da komai sai inuwar bishiya da akwatin sifanu. Tun kafin rana ta ɗaga yaran gareji sun share wuri, sun fito da jak da tsumman shimfiɗa. Mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko. Idan an kawo wuta, masu walda ne ke fara sanar da unguwa, domin ƙarar injinsu ba ta ɓuya.

Yawancin aikin gyara ne na yau da kullum. Amma in ka shiga lungu za ka tarar da wani aikin daban: mota a ƙofar gida, an ɗora ta kan duwatsu, babu taya, babu gilashi, wani lokaci babu inji. Baƙo zai ɗauka gawa ce da aka yar. Mai ita ya san haɗa ta ake yi. Gangar jikin ta fito daga motar da ta yi haɗari, injin na Beljiyam ne, giyabos daga hannun 'yan gwangwan, ƙarfen da za a ƙara mata kuwa daga kasuwar Panteka. Aikin yakan ci watanni, saboda da kuɗin cefane yake gasa. Bakanike ya zo ya yi nasa, mai walda ya karɓa, mai bugun bodi ya daidaita gambuna, rewaya ya ja wayoyi, sannan mai fenti da mai kujeru. Kowannensu da ra'ayinsa kan yadda ya kamata a yi, kuma babu mai yin shiru da nasa.

Kaduna ba baƙuwar haɗa mota ba ce. A Kakuri aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma aikinta shi ne haɗa motocin da aka turo a warwatse cikin akwatuna daga Faransa. Akwai shekarun da ake ɗauko kayan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Daga nan Peugeot 504 ta cika ƙasa, ta zama motar gwamna, motar soja, motar haya, motar asibiti. Masana'antar ta ja baya, an sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, amma hannun da ta koyar bai koma Faransa ba. Ya bazu cikin gari, daga maigida zuwa yaronsa. Har yau duk gardamar da za a yi kan ƙirar mota a garejin Unguwar Mu'azu, da 504 ake auna ta.

Gardama ta farko ita ce ta jan gaba da jan baya. Dattawan sana'a suna tare da jan baya. Hujjarsu a bayyane take: inji yana kwance a tsaye daga gaba zuwa baya, giyabos na bin bayansa, farfela ta kai ƙarfi ga aksul. Komai na da wurinsa, hannu na shiga ko'ina. Idan ka yi lodi, nauyin yana danne tayoyin da ke tura motar, sai ta ƙara kama ƙasa. Tayoyin gaba aikinsu juyawa kawai. Sukan kuma tuna maka cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Matasa kuwa Golf suka taso suka gani tana jigila tsakanin Kaduna da Zariya, don haka jan gaba suka yarda da shi. Babu doguwar farfela, babu nauyin aksul, mota ta fi sauƙi, ta fi shan mai kaɗan, kuma inji da giyabos a dunƙule suke, za ka iya ɗaga su gaba ɗaya ka dasa a wani jikin. Rauninsa ma sun san shi: robar shaf. Da ta yage, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. A ganina wanda zai haɗa motar ɗaukar kaya ya bi dattawa, wanda kuma motar yawo cikin gari yake so ya bi matasa, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne maganar shasi, domin nan ne ake yin kuskuren da ido ba ya gani. Motoci iri biyu ne. Akwai mai shasi daban, kamar Hilux da tsohuwar Land Rover: dogayen ƙarafa biyu da aka ɗinke da gajeru, su ke ɗauke da inji da sifirin da komai, bodi kuma ɗora shi aka yi aka ɗaure da noti. Irin wannan ka cire bodin ka ƙera wani, ƙarfinta na nan. Akwai kuma wadda jikinta shi ne shasinta, kamar Golf da Corolla da kusan duk ƙananan motocin yau. Rufinta da ginshiƙan ƙofofinta da dandamalinta duk tare suke riƙe nauyi. Kamar ƙwarya take: muddin bakinta a haɗe yake tana da ƙarfi, da ka ɓalle gefe guda ta zama sakaina. To, abin da aka fi yi a unguwa shi ne a samu irin wannan motar, a yanke rufin baya, a mayar da ita akori-kura. Ranar da aka gama ta yi kyau. Bayan damina ɗaya da lodin buhunan masara, gambu ya daina rufuwa daidai, tsaga ta bayyana a bayan kujerar direba, motar ta fara tafiya a karkace. Masu walda da suka ƙware sun san maganin, wato a shimfiɗa ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙarƙashi daga gaba zuwa baya, a tokare bayan kujera da gicciye kafin a taɓa rufin. Sai dai wannan ƙarin kuɗi ne da ba ya fitowa a hoto, kuma mai mota ya fi son ya kashe su a fenti.

Gardamar sifirin ba ta ɗaukar dogon lokaci. Mai ganye na kaya ne, mai naɗi na jin daɗi ne, kuma kamfanin Peugeot da kansa mai ganye ya sa wa akori-kurar 504. Abin da ake ƙarawa a nan shi ne ganye ɗaya ko biyu domin lodi, wanda ke sa motar tsalle in babu kaya.

Kafireto da injekta kuwa, wannan gardama ce ta zuciya. Bakaniken da ya shekara talatin yana saita kafireto da kunne da sukudireba ba ya son abin da sai an jona kwamfuta kafin ya faɗi ciwonsa. Yana da gaskiya ta wani ɓangare: kafireto ya tsaya maka a dajin Birnin Gwari, za ka kwance shi ka busa ka tashi, burenbos ɗin injekta kuwa ya ƙone, sai janwe. Daga wannan tsoron aka samu al'adar cire injekta a dasa kafireto. Amma injekta yana auna iska da zafi ya ba da mai daidai buƙata, kafireto kuwa zubawa yake bisa saitin da aka bar shi. Yaran da suka iya na'urar gwaji yanzu suna gano cikin minti kaɗan abin da ake kwana biyu ana lalube. Za ka ji yaro ya ce, “Oga, bari in jona mata mu gani,” maigidan ya yi tsaki, amma ya matsa ya ba shi wuri. Wannan matsawar ita ce babban canjin da ke faruwa a garejojin unguwar.

Akwai al'ada ɗaya da nake fata a bari. Da mota ta iso daga Turai, sai a cire mata tamostat, a jona fanka kai tsaye, wai an ƙera ta ne don ƙasar sanyi. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, a Jamus ko a Kaduna. In ya kasa kai wa nan, burenbos na ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara mai, bakin mai ya tsinke, inji ya ci kansa a hankali. Motar da ke zafi, lagiretonta ne ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin ya daina riƙe iska. Can ya kamata a duba.

A wasu ƙasashe haɗa mota a gida sana'a ce mai kasuwa. A Ingila, Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, ana sayar da ita a warwatse, mai saye ya haɗa abarsa a gida ya tsira daga harajin da ke kan sabuwar mota. Shasinta siraran bututun ƙarfe ne da aka ɗinke kusurwa uku-uku, nauyinta duka wajen rabin tan. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, yana yi har yau. A Amurka kuma, Bruce Meyers ya ƙera motar yashi a 1964, wadda daga baya aka riƙa ɗora jikinta kan dandamalin Volkswagen Beetle da aka gajarta. Beetle ɗin nan an haɗa ta a Legas, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto. Lotus Seven ba za ta haye kwalbatin lungunanmu ba, don cikinta kusan a ƙasa yake, amma darasin kusurwa uku ya shafi kowane mai walda: ƙarfi daga tsari yake zuwa, ba daga kaurin ƙarfe ba. Mu a nan in ana shakka sai a ƙara ƙarfe, mota ta yi nauyi, inji ya wahala, birki ya kasa.

Birki shi ne abin da ake bari ƙarshe, alhali da shi ya kamata a fara. Mutum zai dasa injin da ya fi na asali ƙarfi, ya ƙara wa bodi nauyi, ya bar birkin da aka auna wa ƙaramar mota. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi, kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi yawa na aikin. A titin da yara 'yan makaranta da 'yan acaɓa da Keke Napep ke tsallakawa tsakanin tireloli, wannan maganar rai ce. Haka sandar sitiyari da aka yanke aka haɗa da walda. Haka tukunyar gas ta CNG, wadda ke riƙe matsin da ya kai bar 200. A watan Oktoban 2024 wata da aka ƙera da walda ta fashe a gidan mai a birnin Benin, ta raunata mutane. Akwai abubuwan da gwanintar hannu ba ta isa ta tabbatar da su ba, sai na'urar gwaji. A Ingila duk motar da aka haɗa a gida sai ta ci jarrabawar hukuma, an auna birki da sitiyari da fitilu da maɗaurin bel, kafin a ba ta lamba. Mai haɗa mota a Unguwar Mu'azu gwajinsa shi ne ya hau Baifas bayan sallar asuba ya taka totur, ya taka birki, ya ji abin da jikinsa ya gaya masa.

Ba na yarda da masu cewa wannan duk wasan yara ne. Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a Kaduna aka haife shi a 1966, ya tashi a Sakkwato, daga baya ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa, NADDC, daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin mai daga ƙananan bas yana sa musu batir, har ya kai ga ƙera nasa. Yaron da ke lanƙwasa waya da gwangwanin madara yana yin mota a lungun Unguwar Mu'azu, daga baya ya shiga gareji yana wanke noti da fetur, irin ƙwaƙwalwar ce. Abin da ya raba su shi ne wani ya samu wanda ya koya masa aunawa da zanawa kafin yankawa, wani kuma bai samu ba. A gareji ana koyon ji da gani da haƙuri. Ba a cika koyon rubuta awo a takarda ba, shi ya sa mota ta biyu ba ta fitowa daidai da ta farko.

Kayan gyara wannan giɓi suna nan kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Tudun Wada, maƙwabciyar Panteka, kuma hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da ofis a Kaduna. An riga an fara ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa. Kirana ga kwalejin da jami'an VIO da ƙungiyar kanikawa shi ne su ware rana ɗaya a wata da mai haɗa mota zai kawo abarsa a auna birki, a duba walda, a gwada sitiyari, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, ba tare da tsoron za a ƙwace ta ba. Kai kuma maigidan gareji, kafin yaronka ya kunna wutar walda a kan rufin motar wani, sa shi ya ɗauko tef da takarda ya zana maka inda nauyin zai koma.