Ba Aljani Ne Ke Jan Mai Ceto Ba

Da damina ta kankama a Katsina, sai labarin ya dawo: yaro ya zurma kududdufi, ƙarti sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, wasu har da ɗaga waya suna ɗauka. In ka tambaya, sai a ce maka wai ruwan yana da masu shi, duk shekara sai sun ci rabonsu, wanda ya ƙwace musu kuwa da ransa zai biya. Na gaji da jin wannan shirme.

A wasu ƙasashe lambar yabo ake rataya wa mai ceto. A 1838, wata budurwa 'yar Ingila, Grace Darling, ita da mahaifinta suka tuƙa ƙaramin kwalekwale cikin guguwa zuwa inda jirgin Forfarshire ya tarwatse, aka kuɓutar da mutum 9, aka ba ta lambar azurfa. A 2016 hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama Kyaftin Radhika Menon ta Indiya saboda ceto masunta 7. Wane aljani ya bi su gida?

Gaskiya ne mai ceto yakan mutu, amma dalilin a fili yake. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. To, wuyanka zai kama, ya danne ka don ya sami numfashi. Ga laka, ga kayan jiki da suka jiƙe, ga gajiya. A 2018, wani mai suna Joseph Blankson ya fito da mutum 13 daga ruwa a Jihar Ribas, ya sake komawa, ƙarfinsa ya ƙare. Da kwalekwale ya kife a Bagwai a 2021, da na Mai'aduwa a ƙaramar sallar 2022, yara ne akasarin waɗanda suka rasu. Shin aljanun ne ke loda wa kwalekwale fiye da kima?

Saboda haka kada ka tsaya kallo, kada kuma ka yi tsalle don burga. Kwarma ihu. Miƙa wa mai nutsewa gora ko doguwar sanda, kana kwance a ƙasa don kada ya fizgo ka. Jefa igiya, ko rawani, ko jarkar da ba komai a ciki, a toshe bakinta. In dole ne a shiga, gwani ya shiga, ya zo masa ta baya. In an fito da shi, a daina zazzage shi da danna ciki. Idan ba ya numfashi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo.

Masarautunmu da gwamnati kuma su tuna: masuncin da ya tsamo ɗan wani a madatsar ruwa ta Ajiwa ko ta Zoɓe ya fi cancantar lamba da masu sayen ta a otal.