Ƙiyasin Yawan Masu Gigin Tsufa a Tsakanin Tsofaffin Ma'aikatan Masana'antun Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ya kamata a ƙiyasta yawan masu gigin tsufa a matakinsa na farko a tsakanin waɗanda suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Samarin da suka shiga masaƙu da majemu a shekarun 1970 yau akasarinsu sun haura shekara 65. Ƙarar injin saƙa tana kashe kunne, kuma raunin ji da hawan jini suna cikin abubuwan da kwamitin mujallar Lancet ya lissafa a 2020 cewa suna ƙara haɗarin cutar.

2.0 Abin da Ake Ƙirgawa

Mai raunin tunani mai sauƙi yana mantuwa fiye da tsararrakinsa, amma yana iya cefane da lissafin kuɗinsa. Idan mantuwar ta fara hana shi waɗannan, to, gigin tsufa ya kama.

3.0 Alƙaluman da Ake da Su

Binciken Ibadan da Indiyanafolis na 1995 ya sami kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama. Wanda aka buga a 2011 a kan Zariya ya sami kashi 2.79. Duka biyun gigin tsufa suka ƙirga a cikin jama'ar gari.

4.0 Matsalar Ma'auni

Gwajin Folstein na 1975 maki 30 gare shi, kuma yana buƙatar karatu da rubuta jimla da kwaikwayon zane. Dattijon da bai yi boko ba, ko wanda kunnensa ya yi nauyi, yana iya faɗuwa alhali hankalinsa garau. Ta haka sai adadi ya kumbura. A ɗaya ɓangaren, iyali kan ɓoye mantuwar mahaifi saboda kunya, sai adadi ya ragu. Hanyar Ibadan ta fi dacewa: a tambayi dattijon, a tambayi makusancinsa, sa'an nan likita ya duba waɗanda aka ware.

Haka kuma masaƙu da yawa sun rufe, ma'aikatansu sun watsu. Saboda haka gida-gida za a bi, ta hannun masu unguwanni.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne a daidaita tambayoyin da Hausa da rayuwar Bahaushe, a kuma auna ji kafin a auna tunani. In ba haka ba, za a kira kurma ruɗaɗɗe, a bar mara lafiya ba kulawa.